Hoton kai da salon katunan tarot don cika shekara 40: ta ina zan fara?

Tambaya: Nan da wata bakwai zan cika shekara 40 in Allah ya kai mu. Ba na son taron yini ɗaya da za a ci a watse. Na ga wata mai hoto a intanet ta ɗauki kanta a siffar katunan tarot, kowane kati da sunansa da lambarsa, abin ya shiga raina. Waya kawai nake da ita, amma kyamararta na da kyau. Sai dai na ji ana duba da katunan nan, hankalina bai kwanta ba. Mene ne asalinsu, kuma ta ina zan fara?

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya kai mu da rai da lafiya. Abin da ya hana hankalinki kwanciya shi zan fara ɗauka, domin aikin da aka fara da zuciya biyu ba ya zuwa ƙarshe.

Gaskiya ne ana duba da katunan tarot a yau, kuma matsayin duba a addini ba ɓoyayye ba ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Don haka iyakar a fili take: ba za ki shimfiɗa kati ki tambaye shi gobe ba, ba za ki zari ɗaya ido a rufe ki ce shi ne makomar shekararki ba. Aikin da kike son yi baya yake kallo. Shekaru 40 da kika riga kika rayu su ne kayan aikinki, kuma babu gaibu a cikinsu.

Yana da kyau ki san cewa ba don duba aka ƙirƙiri katunan ba. Karta ce, ta wasa. Ita kanta kartar daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai wajejen shekarun 1370, ta hanyar Masar ta zamanin Mamluk. Akwai wani saitin kartar Mamluk a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan ƙwallon dawaki. A arewacin Italiya, wajen shekarar 1440, aka ƙara wa kartar wasu katuna masu hotuna da suke cinye sauran a wasa, aka kira su trionfi. Daga nan aka samu tsarin da ya wanzu: kati 78, manya 22, ƙanana 56. Sai da aka shekara fiye da 300 ana wasa da su kafin wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awa a 1781 cewa asirin tsohuwar Masar ne a ɓoye cikinsu. Ba shi da hujja, amma maganar ta kama, masu duba na Faris suka ɗora a kai. Har yau a Faransa akwai masu buga tarot a matsayin karta zalla, da ƙungiyarsu da gasarsu.

Abin da ya fi shafar aikinki a tarihin nan shi ne saitin da ake kira Visconti-Sforza, wanda aka zana da hannu wajen 1450 don gidan sarautar Milan. Francesco Sforza ya auri Bianca Maria Visconti a 1441, kuma tambarin gidajen biyu yana nan a jikin tufafin mutanen da ke cikin katunan, an shafe bayansu da ruwan zinare. Kati 74 ne suka rage, an raba su tsakanin ɗakin karatu na Morgan a New York, da Accademia Carrara a Bergamo, da wani gida mai zaman kansa. Wato tun farko, mai abin yana sa a zana gidansa da alamominsa a cikin katin. Ke ma abin da za ki yi ke nan. Na baya-bayan nan ma sun yi: mai zanen Sifaniya Salvador Dalí ya sa fuskarsa a kati mai lamba 1, ya sa matarsa Gala a katin Sarauniya, a saitin da ya fito a 1984. Ba'amurkiya Bea Nettles kuwa ta ɗauki dukan 78 da kyamara, da ita da danginta da ƙawayenta, ta kammala a 1975.

To me ya sa siffar katin take jan ido haka? Na daɗe ina koyar da ɗaukar hoto, kuma abin da na fi fama da shi a wurin masu koyo shi ne cunkoso: a hoto ɗaya a so a nuna sabon leshi, da sabuwar kujera, da labule, da mota ta taga. Kati ba ya yarda da haka. Mutum ɗaya, abu ɗaya ko biyu a hannunsa ko kusa da shi, lamba a sama, suna a ƙasa, shi ke nan. Wannan takurar ita ce amfaninsa. Tana tilasta miki ki zaɓa. Idan za ki nuna shekarar da kika yi jinyar mahaifiyarki da abu ɗaya tak, wane abu ne? Filas ɗin kunu? Tabarmar da kika kwana a kai a gefen gado? Ranar da kika iya amsa wannan, kin gama rabin hoton tun ba ki taɓa waya ba.

Saboda haka kada ki fara da kyamara. Ki samu littafin rubutu, ki ba kanki mako uku. Ki jera sunayen manyan katunan 22 a gefe guda, a ɗaya gefen ki rubuta lokacin rayuwarki da kowanne ya tuna miki. Wanda bai tuna miki komai ba, ki tsallake shi. Hotunan da za ki duba don samun sunayen, mafi sauƙin samu su ne waɗanda Pamela Colman Smith ta zana aka buga a Landan a 1909, su ne kusan kowa yake kwaikwayo yau. Ki dube su don ki gane tsarin, sannan ki rufe. Babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya tafi neman kambin roba da takobin katako da doguwar rigar Turawan da, ya fito kamar ɗan wasan kwaikwayon makaranta. Hoton zai yi kama da katin, amma ke ba kya ciki.

Bari in nuna miki yadda nake nufi da 'yan kaɗan.

Kati na farko lambarsa sifiri, Turawa suna kiransa Wawa, amma abin da ke jikinsa matashi ne da ƙunshin kayansa a sanda, ya ɗaga kai sama, yana bakin gaɓa bai sani ba. Ni Sabon Shiga nake kiransa. Kowa yana da ranar da ya bar gida bai san abin da ke gabansa ba. Idan akwatin ƙarfen da kika tafi makarantar kwana da shi yana nan a ƙarƙashin gadon wani, ki nemo shi. Ki ɗora shi a ka, ki tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya a waje. Idan ranar da aka kai ki ɗakin miji ce ta fi tsaya miki, to mayafin da aka lulluɓe ki da shi ya fi akwatin.

Kati na 8 a saitin Landan shi ne Ƙarfi, mace ce ta dafa bakin zaki da hannu biyu, ba makami, ba faɗa. Mu haƙuri muke ce wa wannan. Ba kya buƙatar zaki. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa: murhu, tukunya, dutse a ciki, ke a zaune kina iza wuta. Duk Bahaushen da ya ga hoton zai karanta shi ba tare da an yi masa bayani ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake so ki riƙa auna kowane kati da shi. Na 10 ƙafar keke ce mai juyawa, wani yana hawa wani yana sauka. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Idan keken ɗinki ne ya riƙe ki a shekarun da abubuwa suka juya, ga ƙafarki nan a jikinsa. Na 14 ana zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, ma'anarsa daidaito, kuma duk wadda ta taɓa surka ruwan wankan jariri tana gwadawa da gwiwar hannu ta san wannan katin fiye da wanda ya zana shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a cikin nawa shi ne na 9, dattijo shi kaɗai riƙe da fitila. Lokacin da na cika 40 na yi tara kawai, kuma wannan na yi shi ne da fitilar ƙwai ta mahaifina, wadda yake karatu da ita bayan isha'i muna yara. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa a lokacin. Na same ta a ɗakin ajiya, ƙwan ya yi baƙi da hayaƙi, lagwanin ya bushe ya ƙanƙance. Na wanke ƙwan da toka, na sa sabon lagwani, na zuba kananzir. Da na kunna, warin da ya tashi ya zaunar da ni a ƙasa na ɗan lokaci kafin in iya miƙewa. Bayan magariba na ɗauka, lokacin da sama ta yi shuɗi ba ta gama duhu ba, minti goma sha biyar ne kawai ake samu. Hasken fitilar ya kama rabin fuskata, ɗaya rabin ya tafi cikin duhu. Sau talatin da wani abu na ɗauka a yammaci uku, domin a ƙarancin haske kyamara tana jinkirin rufe ido, ko numfashi mai ƙarfi ka ja sai hoton ya yi dishi-dishi. Wanda na zaɓa a ƙarshe ba shi ne mafi tsabta ba. A cikinsa ina kallon fitilar ne, ba kyamarar ba.

Akwai katunan da zan ce ki bari gaba ɗaya. Na 15 Shaiɗan ne. Na 20 yana nuna mala'ika yana busa ƙaho matattu suna tashi, na 6 ma akwai mala'ika da tsiraici, na 5 kuwa Fafaroma ne. Ba abin da zai sa ki shiga waɗannan. Kada kuma ki ji kamar kin ɓata tsarin, don masu abin ma sun sha canzawa. A birnin Bologna a 1725 hukumomin coci sun sa an cire hotunan fafaroma da sarakuna daga kartar aka maye gurbinsu da wasu mutane huɗu. Kartar Florence da ake kira minchiate kati 97 gare ta. Saitin Milan ɗin da na ambata ma, Shaiɗan da Hasumiya ba sa cikin waɗanda suka iso gare mu. Ki sa naki a gurbinsu: Malama, don wadda ta koya miki karatu, Goyo, Zumunci, Baƙunta, idan kin yi zaman wata ƙasa. Kina iya sauya lambobin Rumawa da ke saman katunan ma, ki sa shekarunki a lokacin da abin ya faru, 12, 19, 27, 33. Na fi son wannan, domin yana fitar da aikin daga hannun masu duba kwata-kwata ya mayar da shi tarihinki.

Katin Mutuwa da na Hasumiya mai rushewa su ne mutane suka fi gudu, kuma sau da yawa su ne suke fitowa mafi kyau. Mai shekara 40 ba ta rasa wanda ta binne, ba ta rasa abin da ta gina ya zube. Ba na son a yi wasa da likkafani ko makara, bai dace ba. Kujerar da babu kowa a kai da hannunki a kan makarinta ta isa. Hular mamaci a tafin hannu ta isa. Idan kin zo kan ɗayansu kika ji ba za ki iya ba, ki ajiye shi zuwa wata mai zuwa.

Nawa za ki yi? Da wata bakwai, ga aiki ga gida, kada ki ɗaukar wa kanki 22. Tsakanin takwas da goma sha biyu ya yi. Kati biyu a wata, wata na ƙarshe ki bar shi don gyara da bugawa. Ki fara da mafi sauƙi, domin hoton farko na koyo ne, kusan kullum sai an sake shi.

Yanzu aikin hannu. Wayarki ta isa, da sharaɗi uku. Ki yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki sayi sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da ɗan rimot na Bluetooth da zai ɓuya a tafin hannu; idan babu, ƙidayar daƙiƙa goma da ke cikin wayar za ta yi, sai dai za ki sha zirga-zirga. Na uku shi ne saiti. Wayar ba ta san inda za ki tsaya ba, sai ta kama bango ta bar ki a dushe. Ki ajiye kujera da filo a daidai wurin, ki danna fuskar wayar a kan filon ki riƙe har ta kulle saitin, ki yi alama da alli a ƙasa, ki janye kujerar ki tsaya a kan alamar. Ki sa wayar a daidai tsayin ƙirjinki, nisan taku huɗu ko biyar. Idan ta matso kusa sai hannu da hanci su yi girma, idan ta yi ƙasa sai haɓa ta cika hoton.

A tsaye za ki ɗauka, kuma ki sani katin tarot ya fi hoton waya tsawo da siranta: kusan santimita 7 a faɗi, 12 a tsawo. Ki bar fili sosai a saman kai da ƙasan ƙafa da gefe biyu, don za ki yanke, kuma lamba da suna suna buƙatar wurin zama. Wanda ya cika hoton da jikinsa zai zo wurin yanka ya rasa gwiwar hannu.

Haske kuwa, ki manta da ƙwan lantarkin ɗaki da filashin waya. Inuwar baranda da hantsi, ko bakin taga, ko tsakar gida bayan la'asar sakaliya. Rana tsaka tana haƙa ramuka a ƙarƙashin ido. Idan watanninki sun haɗa da hunturu kin yi sa'a, hazo yana tace rana ya ba da haske mai laushi da situdiyo ke kashe kuɗi don samu, sai dai ki riƙa goge gilashin kyamarar. Abu ɗaya da ya shafi fatarmu: idan kin sa farin kaya ko bangon fari ne, wayar za ta auna hasken da farin, fuskarki ta nutse. Ki ɗaga hasken da yatsa har fuskar ta fito da launinta na gaskiya, ko da farin zai ɗan ƙone. Farin zanin gado da aka rataya a ɓangaren inuwa yana mayar da haske kan kunci, ya fi duk wani gyaran manhaja.

Abin da zai sa hotuna goma su zama saiti ɗaya shi ne abin da ba ya canzawa. Ki zaɓi bango ɗaya ko yadi ɗaya a baya, nisa ɗaya, launi uku da ba za ki fita daga cikinsu ba. Baƙin rini irin na marinar Ƙofar Mata yana yi wa fatarmu kyau ƙwarai, haka jan bangon ƙasa. Masu hoton Bamako na da, irin su Seydou Keïta, da yadi ɗaya a baya suka ɗauki mutane bila adadin, kuma hotunan har yau ba su tsufa ba. Ki kuma nemi aikin Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kamaru a 1962, yaƙin Biyafara ya raba shi da Najeriya, ya buɗe situdiyonsa a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13. Da ragowar fim ɗin kwastomomi yake ɗaukar kansa da daddare yana aika wa kakarsa. A 2008 ya fito da jerin da ya shiga siffar Patrice Lumumba da Nelson Mandela da Muhammad Ali da wasunsu. Ki lura da yadda tsayuwa da kallo suke canza shi.

Idan ba kya son fuskarki ta fito, ko don kunya ko don ra'ayin malaman da kike bi a kan hoto, aikin bai mutu ba. Hannu mai lalle, inuwa a bango, baya da mayafi, sawun ƙafa a rairayi, duk hoton kai ne. Biyu daga cikin nawa babu fuska.

Da'irar katin ma, wato zanen da ke kewaye gefensa, kada ki aro ta Turai. Muna da zayyana irin ta gefen allo da Alƙur'ani rubutun hannu, muna da dagi, muna da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas ta babbar riga. Ki zana da'ira ɗaya da baƙin alƙalami a farar takarda, ki ɗauki hotonta, ki ɗora ta a kan duka. Sunan katin ki rubuta da hannunki, da boko ko da ajami. Ayar Alƙur'ani kam kada ta hau kati, don abu ne da zai riƙa yawo a hannu yana faɗuwa ƙasa.

Wurin bugawa, ki je wa masu buga katin biki, ba masu wanke hoto ba. Ki ce takarda mai kauri kike so, giram 300 zuwa 350, marar sheƙi, don mai sheƙi tana kama zanen yatsa tana kashe baƙi. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Ni an taɓa cinye mini da'irar gefe ɗaya a saiti guda don ban bar wannan rarar ba, dole na sake biya. Ki sa a buga miki ɗaya na gwaji ki kai shi hasken rana ki duba, domin takarda kullum tana fitowa da duhu fiye da fuskar waya. Kuma ki tura hoton a matsayin fayil, WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye. Saiti uku ko huɗu sun isa. A bayan kowane kati ki rubuta layi biyu ko uku da biro: shekarar, garin, da abin da ke hannunki na wane ne. Ba duka ne na Facebook ba. Tun yanzu ki ware waɗanda za su tsaya a gida, musamman idan labarin ya taɓa wani da bai ba ki izini ba.

Kati na ƙarshe, na 21, sunansa Duniya, kuma shi kaɗai nake so ki bari sai ranar da kanta. Shekara 40 ba ƙaramar lamba ba ce a wurinmu. A cikinta aka aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta ambace ta da suna, ta koyar da addu'ar wanda ya kai ta: ya roƙi ikon gode wa ni'imar da aka yi masa da iyayensa, da aikin ƙwarai, da shiryuwar zuriya. Ki karanta ta da asuba. Idan hantsi ya yi, ki kafa wayar a inda kika saba, ki tsaya a kan alamar allin nan, da kayan da kike sawa kullum, ba komai a hannu. Idan an bugo sauran, ki sa an bar miki kati ɗaya mai da'ira da lamba 40 da fili a tsakiya, ki wanko hoton ranar ki manna shi da hannunki.